Ƙwanƙwasa Uku Kafin Zubi

Ranar da abin ya fara, babu wata alama a sama ko a ƙasa da za ta ce maka yau ta bambanta da jiya. Mai Zubi ya dawo daga masana'anta kamar kullum, rigarsa duk baƙin yashi, ya zauna a kan benci a tsakar gida yana kwance igiyar takalminsa. Matarsa tana kwashe shanya. Rana ta riga ta faɗa bayan katangar maƙwabta, ladan bai kira ba tukuna, irin lokacin nan da ko kaji sukan yi tsit.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ƙwas! Aka ɗan jima, wani ya sake faɗowa, sannan na uku.

"Wane marar aikin yi ne ke jifa da magariba?" in ji matar, ba ta ko juyo ba.

Na ukun ya gangaro ta indararo, ya tsaya daidai gaban ƙafar Mai Zubi. Ba dutse ba ne. Ɗan dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙwayar wake, irin wanda ke fallatsa idan ana zuba narkakken ƙarfe. Ya sa hannu ya ɗauka, ya yar da sauri, domin da zafinsa. Tsakanin gidan da masana'anta kuwa tafiyar awa guda ce a bas. Ya taka shi da takalmi, bai ce wa matarsa komai ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aiki a wurin da ake zuba ƙarafan ƙarƙashin taragun jirgin ƙasa. Takalmin birki, akwatin ƙafa, ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago, duk sun bi ta hannunsa. Amma abin da aka san shi da shi shi ne ƙaton ƙarfen nan da ke kwance a kan ƙafafun jirgi yana ɗauke da nauyin tarago, wanda ma'aikata ke kira kafaɗa. Kowane tarago yana da huɗu. Aikin Mai Zubi shi ne ya danna yashi a jikin samfur na katako a cikin akwati biyu, ya zare samfurin, ya bar kogo mai siffar kafaɗa, ya sa lamba, ya haɗa akwatin sama da na ƙasa. Sannan a kawo tukunyar narkakken ƙarfe daga tanderu a zuba.

Tsohon da ya koya masa aikin, Allah ya jiƙansa, ya bar masa ƙa'ida ɗaya wadda ba ta cikin kowane littafin injiniya. Duk kogon da ya kwana a buɗe, kada ka rufe shi sai ka ƙwanƙwasa gefen akwatin sau uku, ka yi bisimilla, ka ce, "A tashi, wuta na zuwa." Tsohon yakan ce, "Wuri mai duhu, mai sanyi, mai laushi, kai ma in ka samu ai ka kwanta. Ba mu kaɗai ke duniya ba." Samarin masana'anta suna yi wa Mai Zubi tsiya a kan wannan, suna cewa shi kaɗai ne mutumin da ke yi wa yashi sallama. Shi kuwa ko a jikinsa. Bai taɓa fashi ba, sai rana ɗaya.

Wata biyar kafin jifan, wutar lantarki ta ɗauke kwana uku, akwatuna suka kwana a buɗe. Da ta dawo, aka narka ƙarfe a gaggauce, ga magariba ta kawo kai, ga heluma, shugaban ma'aikata, yana ihu cewa ƙarfe zai huce a tukunya. Akwati goma sha biyu ne. Mai Zubi ya ƙwanƙwasa goma sha ɗaya. Na ƙarshe, tukunya tana lilo a bisa kansa, ya rufe shi haka nan. Sauri ya haifi nawa. Da aka fasa yashin bayan kwana biyu, ya buga kafaɗar da guduma kamar yadda ya saba, don lafiyayyen ƙarfe yana da amo. Ta yi amo, sai dai a wuri ɗaya sautin ya mutu. Ya sake bugawa, ya ji kamar an amsa masa daga ciki. Amma na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe ta ce lafiya lau, aka buga mata hatimi, aka loda ta a mota. Mai Zubi ya ja bakinsa ya yi shiru, don wa zai ja da na'ura?

'Ya'yansa maza duk sun watse neman abinci, saura Auta a gida. Ita ce hasken idonsa, kowa ya sani, shi ma ba ya ɓoyewa. Shi ya yi ta zirga-zirga har ta samu aikin duba tikiti a jirgin fasinja, kuma ranar da ta fara sa kayan aiki sai da ya yi ƙwalla. Yarinya ce mai baki, ba ta shigowa gida sai da labarin wani fasinja da ya ɓuya a bayi, ko wata tsohuwa da ta rantse akuyarta jikarta ce don kada a cire mata kuɗi.

A rana ta huɗu da fara jifan, Auta ta shigo ba sallama. Ta wuce uwarta, ta wuce ubanta, ta je tsakiyar gida ta durƙusa. Ta ciro ɗan ƙarfen da take huda tikiti da shi, ta ƙwanƙwasa siminti sau uku, ta kara kunnenta a ƙasa.

"Ke Auta, lafiya?" in ji uwar.

Auta ta matsa gaba kaɗan, ta sake ƙwanƙwasawa, ta sake kara kunne. Haka ta bi tsakar gidan kaf har duhu ya rufe, uban yana tsaye da buta a hannu, alwalar da bai yi ba ke nan.

Daga ranar gidan ya juye. A buɗe tukunya a tarar da baƙin yashi a kan abinci. A ɗebo ruwa a randa, yashi a gindin kofi. Ɗakin Auta yana warin ƙonannen yashi, warin da Mai Zubi ya sani kamar yadda ya san warin jikinsa. Kullum rana ta faɗi, sai jifa uku a kan kwano, ba ƙari ba ragi. Auta ta daina ci, ta daina magana, aka rubuta mata hutun rashin lafiya. Idan ta ji kukan jirgi daga nesa, sai ta miƙe ta nufi ƙofa, sai mutum biyu sun riƙe ta. A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, likita ya ce bai ga komai ba, ya rubuta maganin barci. Ta sha, idonta biyu.

Maƙwabta suka fara ɗauke ƙafa. Masu zuwa dubiya sukan tsaya daga zaure, su yi addu'a a gajarce, su fita suna waiwaye. Uwar ta rame ta zama kamar ita ce marar lafiyar. Mai Zubi kuwa yana zuwa aiki yana dawowa, yana ɗauke da abin da ya sani kamar garwashi a aljihu. Tsoro yake ji, da kunya, kuma kunyar ta fi.

Wata safiya matar ta same shi a zaure, ta tsaya a kansa.

"Baban Auta, shekara talatin da biyar muna tare. Na san fuskarka in ba ka san abu ba, na san ta in ka sani. Wannan yashin naku ne. Me ka yi?"

Ya gaya mata duka, kansa a sunkuye. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Mayafinta kawai ta ɗauka ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Tashi mu je wajen Malam."

Malamin dattijo ne ɗan siriri, ba ya ɗaga murya, ba ya karɓar komai kafin aiki. Ya zo bayan la'asar da Alƙur'aninsa da gorar ruwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Auta, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya ce wa Mai Zubi ya zauna inda za ta gan shi. Sannan ya fara karatu a hankali, kamar mai lallashin jariri.

An daɗe ba abin da ya motsa. Inuwar katanga ta miƙe har ta taɓa bakin tabarma. Can sai yatsun Auta suka fara rawa, wuyanta ya sandare, ta ɗago kai. Idon nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Muryar da ta fito ta wata babbar mace ce wadda ta sha kuka har maƙogwaronta ya dushe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, alhali ni aka ƙona."

Malam ya rufe littafi, ya sa yatsa a shafin. "Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tambayi wancan." Hannun Auta ya miƙe ya nuna uban. "Shekara talatin muna kwana a kogunansu, yana ƙwanƙwasawa, muna tashi. Mun ɗauke shi maƙwabci. Saboda shi na bar ɗana ya kwanta a can, na ce mutumin nan ba ya mantuwa. Kai, me ya sa ba ka ƙwanƙwasa ba?"

Mai Zubi ya ce, "Tukunya ce... heluma yana..."

"Goma sha ɗaya ka buga. Ina tsaye, ina ƙirgawa."

Uwar Auta tana kuka ba sauti, hawayenta na zuba a kan kafaɗar 'yarta.

"Ya mutu?" in ji Malam.

"Wuta ba ta kashe mu haka. Ya dunƙule, ƙarfe ya daskare a kansa. Yana ciki, a wuri kamar tafin hannu, wata biyar yana bugawa. Ƙarfe yana rufe mana ido, Malam. Na bi taragu har na gaji, duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa na shiga wannan, ita ce ke yawo a cikinsu, na ce ko da kunnenta zan ji shi. Ga shi sun kulle ta a gida."

"To, me kike so ki fita?"

"Lamba. Kowace kafaɗa da lambarta, shi yake sawa da hannunsa. Ya gaya mini, in tafi in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ƙara waiwayar gidan nan ba."

Malam ya shafa gemu. "In kin same shi, yaya za ki fitar da shi?"

"Yadda ɗan tsako ke fita daga ƙwai."

Mai Zubi ya zabura. Ya fi kowa a wurin sanin abin da ke faruwa idan kafaɗa ta tsage jirgi yana gudu. Ya taɓa ganin hoton irinsa a ofishin injiniya, bai ci abinci ba ranar.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "tarago ɗaya mutum tamanin yake ɗauka."

Malam ya juya ga Auta. "Kin ji. Ki rantse da wanda ya halicce ki ba za ki fasa shi ba sai tarago yana tsaye, ba kowa a ciki."

"Na rantse. Ni uwa ce, ba na son wata ta ɗanɗani abin da na ɗanɗana." Muryar ta yi ƙasa. "Amma ba zan rantse a madadinsa ba. Yaro ne. In ya ji ni a waje, zai buga da duk ƙarfinsa, bai san tsayuwa da tafiya ba. Ko ban je ba ma yana bugawa, kuma ƙarfen ba zai daure har abada ba. Kai ka sani, mai guduma. Ka ji shi."

Malam ya matso kusa da Mai Zubi, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji. "Zan iya ci gaba da karatu har ta gudu ko ta ƙone. Amma dubi 'yarka, sati uku ba ci ba barci, jikinta ba zai kai ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ita ce aka zalunta, karatuna ba ya kaifi a kan wanda aka zalunta. Zaɓi naka ne."

Gaba kura, baya sayaki. Mai Zubi ya dubi Auta. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, leɓɓanta sun tsattsage, awarwaron da ya saya mata ya zame har gwiwar hannu. Ya yi ƙoƙari ya tuno mutum tamanin ɗin, amma ba su da fuska, ita kuwa ga tata a gabansa. Ban ce ya yi daidai ba, ban kuma san uban da zai yi wani abu daban ba.

"Huɗu, ɗaya, bakwai, tara," ya ce. "Tana ta ciki, kusa da inda akwatin ƙafa ke zama."

Bakin Auta ya maimaita lambar sau biyu, a hankali, kamar mai haddar sunan ɗa. Sannan muryar ta ce, "Na yafe mata. Kai kuwa, tsakaninmu sai ranar da na rungume shi." Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Daidai nan ladan ya kira magariba. Suka zauna suna jiran jifa a kan kwano, ba abin da ya faɗo.

Washegari Auta ta farka tana neman abinci, tana tambayar wa ya ɓata mata ƙarfen huda tikiti. Ba ta tuna komai ba. Uwar ta yi sadaka, maƙwabta suka dawo da ƙafarsu, kowa yana cewa da ma ya san Allah zai kawo sauƙi.

Mai Zubi kuwa ofishin injiniya ya nufa tun kafin a busa ƙahon shiga aiki. Ya cire hula, ya ce akwai kafaɗa mai kogo a ciki, lamba kaza, a nemo ta. Injiniyan saurayi ne mai kirki, sa'an ɗansa na biyu. Ya buɗe fayil, ya juyo masa da takarda.

"Baba, ga ta nan. Ta wuce gwaji, ga sa hannu. Ta yaya ka san da kogo?"

"Na ji da guduma."

"Yaushe?"

"Wata biyar ke nan."

Injiniyan ya cire tabarau ya dube shi. "Sai yau? Baba, me ya faru yau?"

Me zai ce? Ya ce aljana ce ta gaya masa ta bakin 'yarsa? Ya tsaya yana murza hula. Injiniyan ya yi masa bayani cikin ladabi cewa kafaɗun sun tafi kamfanin da ke harhaɗa taragu, can kuma lambar lodi suke rubutawa, ba ta kowace kafaɗa ba. Lodin nan ya shiga taragu sama da sittin, na fasinja, an rarraba su layi-layi. Ya ce zai rubuta wasiƙa. Ya rubuta kuwa, Mai Zubi ya gani da idonsa. Aka yi sati biyu, aka yi wata, amsa ɗaya ta zo, cewa takardun gwaji sun nuna babu matsala. Heluma ya fara ce wa mutane tsufa ya kama Mai Zubi.

Ranar da hutun Auta ya ƙare, ta fito da asuba sanye da kayan aikinta, ta goge su har suna ƙyalli. Ta tarar da ubanta a zaure, ya tare ƙofa.

"Auta, ki bar aikin nan. Zan nemo miki wani."

"Wane irin wani, Baba? Kai da ka yi shekara biyu kana bin ofisoshi kafin a ba ni wannan?"

"Ki nemi a mayar da ke tasha, ki riƙa sayar da tikiti ta taga."

"Na tambaya tun bara, sun ce sai mai shekara goma." Ta leƙa fuskarsa. "Wai me ke damunka ne?"

Ya gaya mata. Ba duka ba, iya abin da bakinsa ya iya ɗauka: akwai ƙarfe ɗaya marar lafiya a ƙarƙashin wani tarago, bai san wanne ba. Auta ta yi dariyarta ta da, wadda ya yi sati uku yana roƙon Allah ya sake jin ta.

"Haba Baba! Kullum in fasinja ya tsorata da girgiza, ce masa nake ya kwantar da hankalinsa, babana ne ya zuba ƙarfen da ke ƙarƙashinmu. Yanzu ni zan ji tsoron aikin hannunka?" Ta gyara masa wuyan riga, ta raɓa ta gefensa ta wuce.

Ya bi ta har tasha. Jirgin yana tsaye, tarago goma sha biyu, kafaɗa arba'in da takwas, minti goma kafin tashi. Ya sauka ƙarshen dandamali ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Lambar tana ta ciki, inda ido ba ya kaiwa, fenti da baƙin mai sun rufe ko'ina. Ya zura hannu yana lalube, bai taɓo komai ba sai maiƙo. Sai ya ciro 'yar gudumarsa daga aljihu, ya yi bisimilla, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya kara kunne. Shiru. Ya ja jiki zuwa ta gaba.

Wani ma'aikacin tasha ya daka masa tsawa ya tashi daga nan, bai ko ɗago ba. Yana kan ta goma sha tara, ƙarƙashin taragon da Auta ta shiga, ya buga ta uku ke nan, injin ya saki kuka mai tsawo. Bai ji ko an amsa ba. Ƙarfen ya motsa a ƙarƙashin kunnensa, ya ja da baya.

Auta ta leƙo ta ƙofa tana ɗaga masa hannu, bakinta na cewa wani abu da ƙarar ƙafafu ta haɗiye. Ya ɗaga nasa hannun, da gudumar a ciki, har jirgin ya sha kwana.

Har yau, in ka je tashar da sassafe, za ka ga wani dattijo a durƙushe a gefen jirgi yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Ma'aikata sun gaji da korarsa, sun ƙyale shi. Kullum yana farawa daga taragon da 'yarsa za ta shiga, kuma bai taɓa wuce kafaɗa ashirin ba kafin jirgi ya tashi.